Naira Dubu 620 da Suka Kusa Raba Mu



Mu biyar ne muke haɗa jari muna ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a nan Legas. Mun haura shekara goma tare. Tare muka kwana a rumfa lokacin da ba mu da ɗaki, tare muka yi wa juna rakiyar neman aure, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa rubuta yarjejeniya a tsakaninmu ba, don a ganinmu takarda ta waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Babbanmu shi ke riƙe kuɗi, Yaya muke ce masa. Abin da za mu ba ku labari ya faru ne gab da azumin 2024, kuma mun daɗe muna jin kunyar faɗarsa. Abin da ya sa muka daure muka rubuta shi ne wata murna da muka ga yaranmu suna yi kwanakin baya, za mu zo kanta.

A wancan zuwan mun yi lodin kwando 200 daga Kwanar Gafan, kowane kwando naira dubu 15. Kuɗin mota, da 'yan lodi, da abin da ake bayarwa a hanya, da 'yan dako a nan, da kuɗin kasuwa da la'ada, idan aka raba su, kowane kwando ya ci dubu 7. Ke nan kwando ya iso Legas a kan dubu 22, jimillar abin da muka zuba miliyan 4 da dubu 400. Tsakanin Mokwa da Jebba motar ta lalace, ta yi kwana biyu a rana ana jiran kayan gyara. Da aka sauke kaya, kwando 40 sun tafi, sai masu sayen ruɓaɓɓe suka kwashe su a dubu uku-uku. Sauran 160 muka sayar a dubu 26.

Ga yadda muka yi lissafi a baki, muna tsaye a gindin mota. Kwando ya zo a dubu 22, mun sayar a dubu 26, ribar dubu huɗu-huɗu ke nan, sau 160 ya ba da dubu 640. Waɗanda suka lalace kuwa muka ce Allah ya mayar da alheri, su dai ba su kawo riba ba. Kuɗin ma ba lokaci ɗaya suka shigo ba, wasu masu saye bashi suka ɗauka, wasu ta waya suka turo, wasu sai bayan mako. Azumi ya ƙarato, gida ana jira. Sai muka ce kowa ya ɗauki dubu 100 daga cikin riba, a bar sauran a kan jari.

Da bashi ya gama dawowa muka tashi yin wani lodin, Yaya ya ƙirga abin da ke hannunsa, miliyan 3 da dubu 780. Uwar kuɗi ta yi giɓin dubu 620, ba a ma zancen ragowar ribar da muke tsammani. Aka sake ƙirgawa, aka duba saƙonnin banki, haka dai. Babu wanda ya fito ya ce Yaya ya ci kuɗi, amma kun san yadda irin wannan take. Gaisuwa ta koma gajera. Aka fara tuna cewa ya yi wa ɗakinsa rufi a gida. Ɗayanmu, wanda ya fi kowa zafi, ya ce a kai maganar gaban Sarkin Hausawa. Yaya bai ce komai ba sai "Allah ya sani," ya daina zuwa shan ruwa tare da mu.

Wadda ta warware mana ita ce 'yar wannan mai zafin, yarinya 'yar shekara 15 da ke aji ɗaya a babbar sakandare. Muna zaune a gidansu a Agege bayan tarawihi muna ta maimaita lambobin nan da ƙarfi, tana jin mu daga ciki. Ba ta tsoma baki ba. Ta rubuta a bayan littafinta, ta nuna wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta nuna wa maigidan. Washegari da dare shi da kansa ya kira ta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Baba, kwanduna arba'in ɗin nan ba riba kawai suka hana ba, ai su ma da kuɗi aka saye su, kuma an biya musu kuɗin mota." Ta nuna mana. Kwando 40 sau dubu 22, dubu 880. Abin da aka samu a kansu dubu 120. Asararsu dubu 760 ke nan. Ribar masu kyau dubu 640. Idan aka cire wannan daga wancan, tafiyar gaba ɗaya faɗuwa aka yi ta dubu 120. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, dubu ɗari biyar ɗin da kuka raba, daga cikin jari kuka raba. Idan aka haɗa da dubu ɗari da ashirin, shi ne dubu ɗari shida da ashirin ɗin da kuke nema."

Ɗakin ya yi tsit. Kuɗin da muke zargin bawan Allah a kansu, mu ne muka sayi gero da sukari da su, muka aika gida.

Ta ƙara mana da wani abu da har yau muke amfani da shi. Ta ce tun a gindin mota, da mun tambayi kanmu nawa ya kamata a sayar da kowane kwando mai kyau don jari ya dawo, da mun gane. A cire dubu 120 daga miliyan 4 da dubu 400, a raba abin da ya rage gida 160, zai ba da naira 26,750. Duk abin da ya gaza haka faɗuwa ce. Mu kuwa muna ta washe baki a kan dubu 26. Naira 750 kacal a kan kowane kwando, kuɗin da ba ya sayen abincin rana, shi ne tsakaninmu da asara.

A daren muka tafi wurin Yaya muka ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe. Amma ya ajiye riƙon kuɗi, kuma har yau bai karɓa ba.

To, murnar da muka ce mun ga yara suna yi. A watan Oktoba na 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa masu neman shiga jami'a a fannin adabi, harsuna, tarihi da makamantansu ba dole sai sun ci kiredit a lissafi ba. Daga baya ma'aikatar ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da zana jarrabawar lissafin a ƙarshen sakandare, amma wannan bayanin bai yi tafiyar da na farko ya yi ba. A zangonmu yara suka ɗauka an soke lissafi. Abin da ya fi damun mu, har da iyaye a cikin masu cewa an huta. Muna fahimtar dalili. Akwai yaran da suka zana WAEC da NECO sau biyu sau uku, komai ya yi kyau sai lissafi ya tsaya a D7, kuma ƙofa ba ta buɗuwa sai da C6 ko abin da ya fi. Wanda yake son karanta Hausa ko Larabci ko tarihi, a ce wannan ne zai tsare shi shekara uku a gida, akwai cutarwa a ciki. Ba mu ga laifin sassaucin ba. Amma duk yaron da ke son injiniyanci, ko ilimin kwamfuta, ko akanta, ko tattalin arziki, lissafi na cikin darussa huɗun da zai zana a JAMB. Mai son likitanci ko harhaɗa magunguna, ko da bai zana shi a JAMB ba, sai ya nuna kiredit ɗinsa na sakandare. Yaron da ya saki lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofin tun bai san akwai su ba, kuma yawanci da yardarmu yake saki.

Mun san amsar da ake bayarwa, don mu ma mun sha bayar da ita. Alhaji wane bai yi boko ba, ga shi da tireloli. Ga masu digiri nan suna yawo da takardu babu aiki. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai ku zauna kusa da irin waɗannan alhazan ku saurara. Ba su yi boko ba, amma babu wanda ya kai su lissafi. Dattawanmu da suka zo Kurmi da fataucin goro da shanu sun yi ciniki da kuɗin da kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi ga taro a tsakani, kuma suna tarawa suna rabawa a ka ba tare da alƙalami ba. Da aka koma naira da kwabo a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, suka riƙa juya farashi tsakanin tsohon kuɗi da sabo nan take. Har gobe a kara za ka ji ana ciniki da jaka, wato fam 100 ko naira 200, dillali yana juya jaka dubu kaza zuwa naira kafin ka ciro waya daga aljihu. Kafin su ma, kakanni sun ƙirga wuri har keso, wuri dubu 20 a buhu guda. Ba a gadon jahilcin lissafi muka taso ba. Mu ne dai muka faɗo a tsakiya, ba mu riƙe na ka irin na iyaye ba, ba mu kuma koyi na takarda ba, muka dogara da na'urar lissafi ta waya. Ita kuwa abin da ka danna mata shi take ba ka. A gindin motar nan mun danna dubu 4 sau 160, ta ba mu amsa daidai, tambayar ce ba daidai ba.

Kuma kasuwar da iyayenmu suka sani ba ita ce ta yau ba. A da farashi yakan yi shekara bai motsa sosai ba, mutum yana iya auna ribarsa da ido. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota da na kaya ba sa kwana inda suka yini. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, a ce ka fara shekara da miliyan ɗaya, kana sayen buhu 20 a dubu hamsin-hamsin. Shekara ta ƙare kana da miliyan ɗaya da dubu 200, kana godiya ka ci ribar dubu 200. Amma buhu ya koma dubu 70, kuɗinka buhu 17 za su saya da ɗan canji. Kuɗi sun ƙaru, shago ya ragu da buhu uku. Mutane nawa muka sani a Mile 12 da Agege da Alaba Rago waɗanda kullum suna ciniki, kullum suna cewa alhamdulillahi, amma rumfa tana ta yashewa har suka koma yaran wasu? Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce baki. Wataƙila da an ƙirga jari da buhu maimakon naira, da an ga abin tun da wuri.

Ƙannenmu masu acaɓa da Keke suna cikin irin wannan. Ana ba yaro babur a kan ya riƙa biya duk mako har ya zama nasa. A ce kuɗin babur a kasuwa miliyan ɗaya da dubu 200, aka ce ya kawo dubu 35 duk mako na shekara guda. Dubu 35 ba ta da nauyi a kunne. Sau 52 kuwa miliyan ɗaya da dubu 820 ne, ƙarin dubu 620 a kan kuɗin babur, fiye da rabin farashinsa, kuma gyara da mai da kamun jami'ai duk a wuyansa. Ba muna cewa kada a karɓa ba, wani ba shi da wata hanyar. Amma ya karɓa yana sane, ya iya zama ya ce a rage ko a ƙara masa makonni. Haka masu ba da bashi ta waya da ke cewa kashi 10 kacal a wata, ba sa faɗin cewa a shekara kashi 120 ne ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba, ban da abin da addini ya ce game da ruwan kansa. Haka waɗanda suke zuwa duk bayan 'yan shekaru da sabon suna, su ce kawo kuɗinka a ba ka kashi 30 duk wata. Wanda ya iya ninkawa zai ga cewa dubu 100 a wannan tsari za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a wata 12. Wace sana'a ce a duniya take haihuwa haka? Da mai ita ya same ta, me zai yi da dubu ɗarinka? Mun san gidajen da kuɗin adashin mata suka tafi a irin wannan, kuma ba kwaɗayi kaɗai ya kai su ba, rashin wanda zai zauna ya buga lambar ne.

Wannan duk tsare abin da ke hannu ne. Akwai kuma abin da ke wuce mu. Ku dubi ginin da ake yi ko'ina a Legas. Yaranmu ne ke haƙa rami, su ke ɗaukar bulo da siminti a ka, a biya su kuɗin yini. Wanda ke zuwa da farar hula ya auna fili, da wanda ke lissafa buhun siminti nawa da rodi nawa ginin zai ci, da wanda ke zana inda ginshiƙi zai tsaya, ba da yini ake biyan su ba. Ko a cikin masu aikin hannu, birkilan da ya san cewa idan ya auna ƙafa uku nan, huɗu can, tsakaninsu ya ba da biyar, to kusurwarsa ta miƙe, shi ake ba kwangila ya ɗebi sauran aiki. Mai sa tayil da zai auna ɗaki ya faɗa maka kwali nawa za ka saya ba tare da ragi ko ɓarna ba, shi ake sake kira. Tela ma haka, yadi nawa zai fitar da riga nawa. A tashar jiragen ruwa ta Apapa namu ne masu gadi da dako, amma lissafin kuɗin fito da harajin kaya yana hannun wasu. Matatar man Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga dubu 650 a rana, ta ɗan Kano ce, muna alfahari da hakan. Injiniya nawa zangonmu ya tura can? Manyan 'yan kasuwarmu da kansu, idan harka ta girma ta kai ga banki da haraji da rajistar kamfani, akanta suke ɗauka su biya shi albashi mai kauri, kuma da wuya ka tarar ɗan gida ne. Babu laifi a ɗauki kowa aiki, maƙwabtanmu sun yi karatu sun cancanta. Abin tambaya shi ne me ya hana a samu namu a layin.

Ba mu ce duk wanda ya ci lissafi zai yi kuɗi ba. Arziki na Allah ne, kuma mun ga masu digirin lissafi suna koyarwa a makarantun kuɗi a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba. Abin da muka lura da shi dai, irin waɗannan ba sa daɗewa a ƙasa. Wani ya koma koyar da yara a gidaje, wani ya riƙe wa 'yan kasuwa uku littafi, wani ya koyi rubuta manhajar kwamfuta a Yaba. Abin da ke kansu yana shiga sana'a fiye da ɗaya.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne masu ɗaukar lissafi kamar kayan Turawa ne da aka ɗora mana. Kowace shekara muna fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in na dukiya, wato kashi biyu da rabi cikin 100. Manomi yana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da wahalarsa ya yi ban ruwa. Rabon gado kuwa gaba ɗayansa lissafin kaso ne, rabi, rubu'i, tumuni, sulusi, sudusi. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, bayan an biya bashi da wasiyya ya rage miliyan 2 da dubu 400. Matar tana da tumuni, dubu 300. Mahaifiya tana da sudusi, dubu 400. Ragowar miliyan ɗaya da dubu 700 a raba gida biyar, kowane namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya, maza dubu 680 kowannensu, mace dubu 340. Wannan mai sauƙi ne. Akwai inda kason magada idan aka tara yake wuce dukiyar, kamar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai, rabi da kashi biyu cikin uku, sai a mayar da asalin rabon daga shida zuwa bakwai kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Malamai suna kiran wannan auli, kuma tun zamanin Sayyidina Umar ake aiki da shi. A zango guda malamai nawa ne za su iya zama su raba gado mai sarƙaƙiya ba su aika Kano ko Zariya ba? Kalmar aljabara da yaranmu ke gudu, daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, malamin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban ɓangare na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya yake. A ƙasarmu ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda a 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A zamanin nan ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

To me ya sa yaranmu ke tsoronsa? Mu da muka ɗan taɓa firamare mun san yadda aka koya mana, haddar biyu sau biyu da bulala a hannun malam, wanda ya yi kuskure ya miƙa hannu. Babu wanda ya taɓa ce mana abin nan shi ne cinikin da muke gani a gida. Yaranmu na nan kuma nasu ya fi wuya. A gida Hausa, a layi Yarbanci, a aji Turanci, kuma aji cike. Yaron da ke ba da canji daidai a shagon babansa tun yana ɗan shekara takwas, idan aka rubuta masa wannan cinikin da Turanci a takardar jarrabawa sai ya daskare, a ce ba shi da kai. Kansa lafiya lau, harshen tambayar ne bai kama ba. Mu kuma iyaye, da ya faɗi sau ɗaya sai mu ce dama boko ba namu ba ne, zo ka tsare shago. 'Ya'ya mata kuwa ba a ma jira su faɗi. Alhali a cikin gidajenmu matan ne ke riƙe adashin mutum ashirin a ka, su san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi da wadda kwasarta ta zo, su ne ke juya jarin ƙuli-ƙuli da ɗinki ba tare da ya karye ba. Yarinyar da ta fitar da mu kunya, a shekarar ne mahaifinta yake shawarar ta tsaya haka.

Ba ta tsaya ba. Tana shirin zana jarrabawar fita, tana son karanta akanta, kuma mu biyar muka ɗauki nauyin kuɗin rajistarta, har da Yaya, wanda shi ya fara kawo nasa.

A harkarmu kuma mun sayi littafi mai bango mai kauri. Duk lodi yana da shafinsa, abin da aka saya, abin da hanya ta ci, abin da ya lalace, da farashin da idan aka sauka ƙasa da shi an faɗi. Ba a raba ko kwabo sai bashi ya dawo an rufe shafi, kowa ya sa hannu. Da farko abin ya yi mana nauyi, kamar muna tuhumar juna. Yanzu mun ga shi ne ya bar mu muna cin abinci a kwano ɗaya. Sau biyu littafin ya hana mu lodi gaba ɗaya, da muka buga muka ga kuɗin mota ya cinye ribar tun kaya ba su bar Kano ba.

Tun bayan sallar layya muka roƙi malamin Islamiyyar unguwarmu ya ba mu aron aji ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar. Wani matashi ɗan zango da ya gama hidimar ƙasa yana koyar da yara lissafi awa ɗaya da rabi, da Hausa yake bayani sannan ya maimaita da Turancin da za su tarar a jarrabawa, kuma da kwando da buhu da mudu yake ba da misali. Muna haɗa masa ɗan abin sabulu duk wata. Mun fara da yara tara, yanzu sun kusa talatin, mata sun fi yawa. Akwai manya uku da ke zama a benci na baya, suna cewa rakiyar yara suka zo, amma da littafinsu. Allon ajin ya tsage, benci bai isa ba, kuma malami ɗaya ba zai iya haɗa 'yan firamare da masu shirin WAEC a lokaci guda ba. Idan a cikin masu karanta wannan akwai ɗalibin jami'a ko malamin makaranta da ke kusa da Agege wanda zai iya ba da yammacin Asabar ɗaya, ya yi mana magana a ƙarƙashin rubutun nan. Masu irin wannan aji a Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal, muna son jin yadda kuke raba yaran da kuma littafin da kuke bi.